Waƙar Da Ba Ta Da Suna Marainiya Ce

Bari in fara da yi wa masu karatu wata tambaya, kuma don Allah kowa ya amsa wa kansa tsakani da Allah. Waƙar fim ɗin Sangaya, wadda ta karaɗe ƙasar Hausa tun daga 1999, wadda har gobe in aka sako ta a gidan biki sai ka ga manyan mata masu 'ya'ya biyar-biyar sun fara gyara ɗauri, wa ya kaɗa ta? Wa ya rera ta? A wane situdiyo aka ɗauke ta? Na tabbata da yawanmu abin da zai fara zuwa bakinmu shi ne Ali Nuhu da Fati Mohammed. To, su kuwa hawa waƙar suka yi a fim, wato abin da 'yan sana'ar ke kira mamin. Waɗanda suka kwana a gaban fiyano da makirfo har waƙar ta fito, 'yan cikin harkar ne kawai ke riƙe da sunayensu. Mu 'yan kallo mun sha romo, mun manta da wanda ya hura wutar.

Wannan al'amari ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kansa shi ne wani albam da wani kamfanin Amurka ya fitar a 2021, mai suna Afrique Victime. Ɗan yayata ne, wanda ke karatu a Jami'ar Tarayya da ke nan Dutse, ya tura mini shi a waya. Ya ce, "Kawu, ka ce kai ba ka jin kiɗan Turawa. To saurari wannan, amma da sharaɗi: kada ka tsallake ko waƙa ɗaya, ka bi su a jere yadda aka tsara su." Na ce masa, "Kai yaro, ni za ka koya wa sauraron waƙa? Ina jin Shata tun ba a yi auren uwarka ba." Ya yi dariya ya tafi. Da daddare bayan sallar isha'i na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na kunna. Ko kalma ɗaya ban ji ba a yawancin waƙoƙin, domin da harshen Abzinawa ake yin su, amma sai da na kai ƙarshe, kuma na sake komawa farko.

Kafin in shiga labarin mai albam ɗin, ya kamata in ɗan yi bayanin gidan da ya fitar da shi. A Amurka akwai manyan kamfanonin faya-fayai masu kuɗi kamar ƙasa, waɗanda in suka ɗauki mawaƙi sai su zaɓa masa irin waƙar da zai yi, da irin kayan da zai sa, da ranar da zai fito. To tun daga wajen shekarun 1980 sai aka sami wasu matasa masu kiɗan jita, irin wanda ake kira rok, da suka ce su ba za su jira waɗannan manya ba. Mutum uku ko huɗu za su haɗu, wannan da jita, wancan da ganguna, su tara 'yan kuɗinsu su shiga ƙaramin situdiyo, su kai wa wani ƙaramin kamfani ya buga musu, sannan su cika tsohuwar mota da kayan kiɗa su bi gari-gari suna wasa suna sayar da faifansu da hannunsu. Su ake kira 'yan indi, ma'ana masu cin gashin kansu. Ƙungiyar Nirvana, wadda daga baya ta zama gagarabadau a duniya, albam ɗinta na farko, Bleach, ƙaramin kamfanin Sub Pop na birnin Seattle ne ya fitar da shi a 1989, kuma kuɗin ɗaukarsa a situdiyo dala 600 ne da 'yan kai. A wannan shekarar dai aka kafa kamfanin Matador a New York, wanda ya fitar da albam ɗin Slanted and Enchanted na ƙungiyar Pavement a 1992, ya kuma daɗe yana fitar da ayyukan ƙungiyar Yo La Tengo. Matador ɗin nan, gidan 'yan indin Amurka, shi ne ya fitar da Afrique Victime.

Da ɗan yayar nan tawa ya gama yi mini wannan bayani, sai na ce masa ai in dai wannan ne indi, to mu Hausawa mun riga su. Me marubutanmu na Kano suka yi in ba wannan ba? Da manyan kamfanonin ɗab'i suka ƙi kallon su, ai da kuɗin aljihunsu suka riƙa buga littattafansu suna kaiwa kasuwa. Haka Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna, haka 'yan ƙungiyar Raina Kama suka yi ta yi. Haka kuma 'yan Tumbin Giwa suka yi Turmin Danya a 1990 ba tare da wani attajirin kamfani ya tsaya musu ba. Ashe ke nan ta fuskar tashi tsaye da neman na kai, babu abin da za su nuna mana. Inda suka sha gabanmu wani wuri ne daban, kuma labarin mai wannan albam shi zai fito da shi fili.

Sunansa Mahamadou Souleymane, amma duniya ta san shi da Mdou Moctar. Ba'abzine ne ɗan jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar. Iyayensa ba su son harkar kiɗa, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, da hannun hagu yake kaɗawa. Ya yi ta wasa a gidajen biki kamar kowane makaɗi na yankinsu. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, albam ɗinsa na farko, mai suna Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Duk wanda ya saurare shi zai ji ƙamshin situdiyonmu a jikinsa: gangar na'ura, da wannan gyaran murya na kwamfuta da ke sa muryar mawaƙi ta riƙa karkarwa kamar ana busa ta, irin dai wanda muka saba ji a waƙoƙin finafinanmu na wancan lokaci. Wato ɗan Nijar ya tsallako ya ari salon 'yan fim ɗin Hausa ya ɗora a kan waƙar Abzinawa.

Albam ɗin bai shiga kasuwa da kwali da hoto ba. Ta waya ya bazu, daga memori zuwa memori, ta Bluetooth, har ya kai arewacin Mali. A can ne wani Ba'amurke ɗan birnin Portland mai suna Christopher Kirkley, wanda ya zauna a Kidal yana tattara waƙoƙin da mutane ke ajiyewa a wayoyinsu, ya ci karo da waƙar Tahoultine. Ya sa ta cikin wani kundi da kamfaninsa na Sahel Sounds ya buga a faifai a 2011, mai suna Music from Saharan Cellphones, wato kiɗan da aka samo daga wayoyin mutanen Sahara. Mutumin nan ya ɗauki lokaci yana cigiyar masu waƙoƙin domin ya biya su haƙƙinsu, saboda yawancinsu ba cikakken suna a jikin waƙar balle adireshi. Da Allah ya sa ya gano Mdou, sai harka ta buɗe. Aka fitar da Afelan a 2013, aka sake buga Anar ɗin Sakkwato a faifai a 2014.

Ga kuma abin da zai burge masoya fim. A 2015 aka fitar da wani fim da Kirkley ya ba da umarninsa a Agadas da Mdou a matsayin jarumi, wanda aka gina a kan fim ɗin mawaƙin Amurka Prince na 1984, Purple Rain. Labarin saurayi ne makaɗin jita mai yawo a kan babur, uba na hana shi kiɗa, abokan hamayya na yi masa zagon ƙasa, ga kuma soyayya a gefe. Da yake harshen Tamashek ba shi da kalma guda ta launin shunayya, sai aka sa wa fim ɗin suna Akounak Tedalat Taha Tazoughai, ma'ana ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki. Mu da aka daɗe ana yi mana gorin wankiyar finafinan Indiya, ga maƙwabtanmu sun wanke na Amurka, kuma Amurkawan da kansu suka yi ta tafa musu. Bambancin kawai, su sun faɗi inda suka ɗauko tun daga sunan fim ɗin.

Daga nan Mdou ya kafa cikakkiyar ƙungiya ta mutum huɗu: shi da kansa a babbar jita da waƙa, Ahmoudou Madassane a jita ta biyu mai riƙe zaren kiɗan, Souleymane Ibrahim a ganguna, sai Ba'amurke Mikey Coltun a jitar bes mai kaurin amo, wanda kuma shi ne ya tsara ɗaukar Afrique Victime. Sun ɗauki Ilana a birnin Detroit, ya fito a 2019, sannan suka koma Matador. Bayan Afrique Victime sun fitar da Funeral for Justice a 2024. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, ya rutsa da su suna yawon wasa a Amurka, hanyar komawa gida ta toshe na wani lokaci, sai suka yi amfani da zaman suka sake ɗaukar waƙoƙin wancan albam da jitar da ba ta lantarki ba, aka fitar da shi a 2025 da sunan Tears of Injustice.

Shi Afrique Victime waƙoƙi tara ne. Yana buɗewa da Chismiten, wadda ke farawa a hankali sannan ta yi ta ƙara gudu kamar raƙumin da aka sakar wa akala. A tsakiya sai a sauko, a shiga masu sanyi irin su Tala Tannam, da tafi da amshi, kamar ana hira a gindin wuta. Can kusa da ƙarshe sai waƙar da albam ɗin ya ci sunanta, wadda ta haura minti bakwai, tana kuka a kan abin da mulkin mallaka ya yi wa Afirka, jitar kuwa tana ihu kamar za ta tsage. Mutumin da ya fito daga ƙasar da aka shekara hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit ana haska biranen Faransa, alhali ƙauyukansu na kwana a duhu, ba sai an fassara maka kalmominsa za ka gane abin da ke cin ransa ba. Daga nan sai a rufe da mai taushi, a sallame ka. Sai a lokacin na gane dalilin sharaɗin da yaron nan ya kafa mini. Albam kamar littafi yake, yana da farko da tsakiya da ƙarshe. Wanda ya tsinci waƙa ɗaya daga ciki kamar wanda ya yage babi na bakwai ne daga littafin Bilkisu Funtuwa ya ce ya karanta.

Yanzu bari in dawo gida. Akwai wata waƙar fim ta wajen farkon shekarun 2000 da marigayiya yayata, mahaifiyar wannan yaron, take matuƙar so. Da ita take shara, da ita take tankaɗe. Muna da kaset ɗinta a gida, amma zafi da ƙura da ƙananan yara sun gama da shi tuntuni. Bayan rasuwarta na shiga neman waƙar, don in ajiye wa 'ya'yanta. Na je wajen masu tura waƙa a waya a cikin Dutse, na je na kasuwar Shuwarin, har wani aboki na sa ya tambaya mini a Birnin Kudu. Kowa sai ya ce, "Alhaji, wane fim ne?" In faɗa. "Wa ya yi ta?" In ce abin da nake nema ke nan. Wani yaro mai kirki ya zaunar da ni a benci ya buɗe mini kwamfutarsa, ya ce, "Baba, duba da kanka." Na ga waƙoƙi dubbai, amma sunayensu sai ka riƙe baki: wata an rubuta mata lamba kawai, wata "tsohuwa mai daɗi", wata kuma sunan shagon da aka fara turo ta da lambar wayar mai shagon. Daga ƙarshe na same ta, bayan mun buɗe fiye da arba'in ɗaya bayan ɗaya. An yanke farkonta, wani ya yi tallar shagonsa a tsakiya, kuma babu sunan wanda ya rera ko wanda ya kaɗa. Na karɓa na yi godiya, amma raina bai yi daɗi ba. Mutanen da suka faranta wa yayata rai shekara da shekaru, ko addu'a zan yi musu sai dai in ce "Allah ya saka wa wane da wance."

Kuma abin da ya ƙara mini ciwo, wannan Kirkley ɗin dai ya zo Kano, ya tattara waƙoƙin finafinanmu ya buga su a faifan garmaho a 2013 da sunan Harafin So, da kwali, da sunan kowane mawaƙi a jikin waƙarsa, har da muryar Fati Nijar a ciki. Wato yau Bature a Portland zai iya zaro faifan waƙar fim ɗin Hausa daga kanta ya karanta wanda ya yi ta, ni kuwa da ke Dutse, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba zuwa inda aka yi waƙar, sai na yi ta lalube a cikin lambobi. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. Wanda ya tsinci abin da ka yar ya goge ya adana, godiya ya kamata ka yi masa, kunyar kuwa taka ce.

Marubuta sun fi mawaƙa sa'a a nan, domin littafi ba ya fita sai da suna a bango. Shi ya sa da wani kamfanin Indiya mai suna Blaft ya so fitar da Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci a 2012, bai sha wahalar sanin cewa na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ba ne. Suna shi ne igiyar da ke ɗaure aiki da mai shi. In arziki ya biyo aikin, ta wannan igiyar zai iso gida. Da Kirkley ya gaji da cigiya ya haƙura, da wataƙila har yau Mdou na nan yana kiɗan biki a Abalak, waƙarsa kuma na yawo a duniya ba uba.

Na san za a ce mini ai mawaƙanmu na yanzu suna fitar da albam. Gaskiya ne, kuma ina yaba musu. Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Aminu Ala duk sun fitar da kundaye masu suna da tsari, kuma intanet ta sa yanzu sunan mawaƙi na bin waƙarsa fiye da da. Amma har yanzu da wuya ka ga an rubuta wanda ya kaɗa, da wanda ya haɗa sauti, da 'yan amshi, da shekarar da aka ɗauka. Za a kuma ce masu satar fasaha ne suka kashe kasuwar kaset da faifai, mawaƙi ya ga gara ya saki waƙa ɗaya-ɗaya ya jira gayyatar biki ko ta 'yan siyasa. Wannan ma gaskiya ne, ba na musu. Sai dai rubuta suna ba ya cin ko kwabo, kuma ɓarawo ya fi jin daɗin satar akuyar da ba ta da shaida.

Abu na biyu da albam ɗin ya tuna mini shi ne daɗin jin mutane suna kiɗa tare. Fiyanon Yamaha ya yi mana rana, ba zan zage shi ba. Shi ya sa yaro ɗan talaka ya iya shiga situdiyo da kuɗi kaɗan ya fito da waƙa, shi ya raya masana'antar fim, kuma shi ɗin ne ya ja Mdou zuwa Sakkwato. Amma fiyano da kwamfuta sun haɗiye ƙungiya. A da, in Shata ya tsaya, akwai masu kalangu da 'yan amshi a bayansa, kowa na sauraron numfashin ɗan'uwansa, in ya ja su ja, in ya sassauta su sassauta. Mu nan Jigawa mun yi Haruna Uji na Haɗeja da gurminsa, wanda in ya taɓa tsirkiya sai ka rantse magana take yi. Wannan ja-in-ja tsakanin 'yan Adam masu rai shi na ji a wajen mutum huɗun nan, inda mai ganga ke ƙara wuta mai jita na bin sa har sai ka ji kamar za su kife, amma ba sa kifewa. Na'ura ba ta yin haka, yadda aka saita ta haka za ta tafi har a kashe ta. Abzinawan nan da muke gani a kasuwar Maigatari da raƙumansu, ko a bakin gidajen masu kuɗi suna gadi suna dafa shayi, sun ɗauki jitar Bature sun koya mata harshensu har ta kai su manyan dandamalin duniya. Mu kuwa gurmi da kukuma da kuntigi suna nan suna jiran wanda zai haɗa su da jita da ganga a situdiyo ɗaya, ya ba su albam guda cikakke. Yara nawa ne a Dutse ko Kiyawa ko Jahun ke koyon gurmi a yau?

Roƙona guda uku ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu. Na farko ga mawaƙa da masu situdiyo da furodusoshi: duk waƙar da za ta fita, a rubuta sunan kowa da ya sa hannu da shekarar da aka yi ta, a jikin fayil ɗin da kuma ƙarshen fim. Na biyu ga masu tura waƙa, 'yan'uwana na bakin kasuwa: ku ne ɗakin karatun waƙoƙinmu ko kun sani ko ba ku sani ba, don Allah ku daina goge sunan mai waƙa kuna sa na shagonku. Na uku ga malamanmu na jami'a da masu hali: yadda Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara waƙoƙin makaɗan baka a Diwaninsa, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi ta rubutu a kan kiɗan finafinanmu, haka ya kamata a bi tsofaffin situdiyoyin Kano a kwafe abin da ya rage na waƙoƙin 1999 zuwa 2010, a zauna da waɗanda suka yi su tun suna raye, a rubuta wa kowace waƙa tarihinta. Da yawa daga cikin mawaƙa da makaɗan wancan zamani suna nan da ransu, wasu sun koma wasu sana'o'in, kuma za su yi murna a ce yau an tuna da su.

Wanda kuma ke da tsofaffin kaset a ƙarƙashin gado ko a cikin adakar tsohuwa, kada ya bari yara su yi wasan mota da zarensu. A kakkaɓe su a adana, musamman kwalayen, domin sau da yawa a jikin kwalin ne kaɗai sunayen suka rage. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin masu faranta mana rai, waɗanda muka san sunansu da waɗanda muka bari sunansu ya ɓace, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar na raye.